Digirin digirgir a injiniyanci: ka duba fasfonka kafin ka fara rubutu

Juma'ar da ta wuce na shiga Makka, bayan an sauko daga masallaci na zarce gidan Gwaggo a Shara Mansur kamar yadda na saba duk wata. Muna cikin cin abinci ɗanta na uku ya matso kusa da ni da waya a hannu, yaron nan a nan aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, ya samu minha, wato tallafin karatu, irin ta mazauna ƙasa ya karanta injiniyancin lantarki, bara ya gama da sakamako mai kyau ƙwarai mashaAllah. Ya ce "Yaya, don Allah duba min wannan, sati biyu ina kansa." Na goge hannu na karɓa. Rubutu ne mai tsawo da Turanci, kuma wallahi ya yi ƙoƙari, amma tun daga layin farko gabana ya faɗi, don a sama ya rubuta sunan abin da yake nema, tallafin bincike na NSF, wanda ake kira GRFP.

Toh shi wannan tallafin gaskiya babba ne, shi ya sa duk wanda ya shiga intanet yana neman sikolashif ɗin digirin digirgir a injiniyanci shi zai fara cin karo da shi. Hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka ce take bayarwa tun 1952, ana ba ɗalibi dala 37,000 a shekara har shekara 3, sannan a ba makarantarsa wani kuɗin daban a madadin kuɗin makaranta. Amma sharaɗin farko, kafin ma a zo maganar maki ko rubutu, sai ka zama ɗan Amurka ko mai takardar zama na dindindin a can. Yaron nan koren fasfon Najeriya gare shi irin nawa. Na faɗa masa, ya yi shiru, ya karɓi wayarsa ya kife ta a kan tabarma. Na daɗe ban ga abin da ya taɓa min zuciya irin wannan shirun ba, don ba ragwanci ya yi ba, ba a samu wanda zai gaya masa ba ne kawai.

Dalilin rubutun nan kenan. Kuma da 'ya'yanmu na nan nake musamman, na Makka da Jidda da Madina da Riyad, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka zo suka zauna, don halin da suke ciki daban yake da nawa. Ni daga Kano na taso, can na yi digirin farko na yi bautar ƙasa, sannan na zo nan mastas a yankin gabas, yanzu ina kan digirin digirgir a fannin tace ruwan teku. Duk takardar da aka nema a gida ina da ita. Shi kuwa wanda aka haifa a nan, tsarin da gwamnatin Saudiyya take tura ɗalibai waje da shi na 'yan ƙasa ne, ba ya ciki. In ya juya gida, PTDF, asusun Najeriya mai tallafa wa karatu a fannin man fetur, za su nemi takardar bautar ƙasa da takardar shaidar ƙaramar hukuma, shi kuwa wataƙila sau biyu ya taɓa taka Najeriya a rayuwarsa. TETFund na malaman da suke koyarwa a manyan makarantun gwamnati ne a can. Sikolashif ɗin Commonwealth na Birtaniya ba fasfo kaɗai yake dubawa ba, yana so ka zama mazaunin ƙasar taka. Sikolashif ɗin Fulbright na Amurka ta ofishin jakadancinsu na ƙasarka ake bi. Ka ga kenan nan ba a ƙirga shi, can ma ba a san shi ba, kuma ga wa'adin iƙama, wato takardar izinin zama, yana tafiya, namiji ba zai dawwama a ƙarƙashin mahaifinsa ba, ga kuɗin da ake biya wa kowane mutum da ke ƙarƙashinka riyal 400 duk wata tun 2020. Shi ya sa in irin wannan yaron ya ɓata wata biyu a ƙofar da tun asali ba tasa ba ce, asarar ta fi ta kowa ciwo.

Amma akwai ƙofar da ta fi duk waɗannan faɗi, kuma ita ce mutanenmu suka fi rashin sani. Mafi yawan masu digirin digirgir a injiniyanci da na sani, ba wani sikolashif mai suna ne ya kai su ba, kuɗin farfesa ne. Yadda abin yake, farfesa yana rubuta buƙata ga gwamnati ko kamfani ya ce zan warware muku matsala kaza a shekara kaza, a ba shi kuɗi, a cikin kuɗin nan akwai albashin ɗalibai biyu ko uku da za su yi ainihin aikin a ɗakin gwaje-gwaje. Wato shi ma nema yake, yana da aiki a hannu, yana da wa'adi a wuyansa, yana buƙatar mai hannu da kai. In ya same ka ya yarda da kai, kuɗin makaranta an yafe, alawus duk wata, kuma yawanci ba ruwansa da wace ƙaramar hukuma ka fito, sai dai in aikin ya shafi tsaro ko makamai, nan kam akan taƙaita shi ga 'yan ƙasa. A wasu wuraren kuma ta hanyar koyarwa ake biyanka, ka riƙa taya malami duba ɗaliban digirin farko da makin jarrabawa.

Ina cikin wannan bayanin Gwaggo ta leƙo daga kicin ta ce "kai, ni dai ku faɗa min nawa za a biya, don baban yaran nan ba shi da shi." Na ce Gwaggo ko riyal ɗaya, shi za a biya. Ta ce "a koya maka karatu kuma a biya ka?" Na ce eh, don aiki ne, suna ne kawai ɗalibi. Kuma wannan maganar ina so kowa ya riƙe ta da kyau, duk wanda ya ba ka gurbin digirin digirgir a injiniyanci ya ce ka zo da kuɗinka, ka yi masa godiya ka wuce. Na san mutum biyu da suka sayar da fili suka tafi a haka da fatan wai in an je za a samu, ɗaya ya samu bayan shekara, ɗayan ya dawo da bashi. Ba na ba kowa shawarar wannan cacar.

Mu fara da nan kusa, don abin mamaki yaron Gwaggo ya san sunan makarantun Amurka goma amma bai taɓa buɗe shafin KAUST ba, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullahi, alhali tana Suwal a bakin Bahar Maliya, kamar kilomita 80 arewa da Jidda. An buɗe ta a 2009, da Turanci ake komai, mastas da digirgir ne aikinta, kuma duk wanda aka ɗauka ana ba shi tallafinta, ba kuɗin makaranta, ga gida, ga inshorar lafiya, ga alawus tsakanin dala 20,000 zuwa 30,000 a shekara, mai iyali ma akwai masaukinsa. Suna da wani tsari da ake kira VSRP, ɗalibi ya je ya yi wata 3 zuwa 6 yana aiki a ƙarƙashin farfesa, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi kyau ta shiga, don mutumin da ya ga aikinka da idonsa wata shida ba ya buƙatar wani ya ba shi labarinka. Sai KFUPM, Jami'ar Man Fetur da Ma'adinai ta Sarki Fahad, a Dahran, tsohuwar makaranta tun 1963, maƙwabciyar Aramco, in fanninka man fetur ne ko sinadarai ko lantarki ko injina, su ma suna ɗaukar baƙi su biya su. Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda ma akwai, kuma yanzu akwai dandalin gwamnati na Idrus fis Sa'udiyya da ake neman minha ta cikinsa. Kar kuma a manta da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedikwatarsa tana nan Jidda muna wuce ta a mota, yana da tallafin digirin digirgir, kuma Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan duk mambobi ne.

Turai kuma tsarinsu ya fi yi min daɗi ga irin yaranmu, don a Jamus da Holan da Suwidin da Norwe da Denmak yawancin guraben nan tallar aiki ake yi musu kamar yadda kamfani zai nemi ma'aikaci, a rubuta sunan aikin da shekarunsa da albashinsa, ka nema, a yi maka intabiyu, a ɗauke ka ko a bar ka, duk shekara ana fitarwa ba wai sai wani wata ba. Sai dai yawanci suna son ka riga ka yi mastas. Shafin EURAXESS yana tara da yawa daga ciki. Akwai kuma na Tarayyar Turai mai sunan Marie Curie, wanda kowane ɗan ƙasa zai iya nema, sharaɗinsa shi ne kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 a cikin shekara 3 da suka wuce, ka ga mu wannan sharaɗin ko kusa bai taɓa mu ba. In Birtaniya ce, ka san cewa yawancin fannonin injiniyanci sai ka samu wata takardar tantancewa da ake kira ATAS kafin biza, tana cin makonni, mutane da yawa ba sa sanin ta sai lokaci ya ƙure.

Amurka ita ce ake iya shiga da digirin farko kai tsaye, a yi kamar shekara 5, shekara biyun farko kwasa-kwasai da jarrabawar cancanta, sauran bincike. Yawancin makarantu suna rufe karɓar takardu tsakanin 1 da 15 ga Disamba don shiga watan Agusta mai zuwa, amsa tana fitowa daga Janairu zuwa Maris, kuma akwai yarjejeniya tsakanin makarantun cewa ba za a tilasta maka karɓar tayi mai kuɗi ba kafin 15 ga Afrilu, saboda haka in wani ya matsa maka a Fabrairu kana da damar cewa a ba ka lokaci. Amma dole in faɗi ɗaya gefen. A watan Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, har da Sudan da Chadi, a Disamba kuma aka faɗaɗa jerin ya haɗa da Nijar, Najeriya ma aka taɓa ta har da bizar ɗalibai. Irin waɗannan dokokin suna canzawa, don haka kafin ka kashe kuɗin fom, wanda a makaranta ɗaya yakan kai dala 100, ka fara duba matsayin fasfonka a ranar. Kar ka rataya duk burinka a ƙasa ɗaya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi cin raina, wato yadda ake samun shi farfesan. Shekarar farko da na nema ban samu ko ɗaya ba. Na rubuta imel guda ɗaya mai tsawo, na zuba yabo a ciki, na faɗi irin son da nake yi wa ilimi, na tura wa mutum kusan arba'in ina canza suna kawai. Biyu suka amsa, su ma cewa suka yi ba su da gurbi. Na ji zafi sosai a lokacin, har na fara tunanin ko don ni baƙi ne, ko don daga inda na fito. Wani babban yaya da ya riga mu shiga harkar ya karanta imel ɗin ya ce min "ka nuna min jimla ɗaya a nan da ba za ka iya tura wa farfesan gine-gine ko na kwamfuta ba." Na duba, babu. Ya ce toh shi ma wanda ka tura wa ya gane haka a daƙiƙa biyar.

Shekara ta biyu mutum bakwai kawai na rubuta wa, amma kowanne sai da na shiga Google Scholar, shafin neman takardun bincike, na jera rubuce-rubucensa daga sabo zuwa tsoho, na karanta biyu ko uku na shekarun nan da biro a hannu, ba kanun kawai ba, har hotunan sakamako da yadda aka haɗa na'urar. Na duba ƙarshen kowace takarda inda ake godiya ga wanda ya ba da kuɗi, don nan ne za ka gane ko mutum yana da aiki mai rai ko kuwa sunansa ne kawai ya rage. Sannan na rubuta gajeren saƙo, layi takwas zuwa goma, ga ni, ga abin da na yi da hannuna, na karanta aikinku kaza, na lura da abu kaza, ina da tambaya a kai, shin kuna ɗaukar ɗalibi bana. Huɗu suka amsa, biyu suka kira ni muka yi magana ta bidiyo. Ni ɗin dai ni ne, makina bai ƙaru ba, fasfona bai canza launi ba.

Haka ma dogon bayanin nan da ake nema na dalilin son karatun da abin da kake son bincikawa. Nawa na farko na buɗe shi da wahalar ruwa a unguwarmu a Kano, 'yan garuwa da jarkoki tun asuba, rijiyoyin da suke ƙafewa da bazara, sakin layi uku cur. Gaskiya ne duk, kuma har yau shi ne abin da yake tashe ni da safe, amma masu karantawa injiniyoyi ne, so suke su ga ko ka san yadda bincike yake. A na biyun na bar wa 'yan garuwa jimla biyu, sauran na ba da labarin wata matsala da ta cinye min wata huɗu lokacin mastas. Ina gwada wata fatar tacewa, irin wadda ake matsa ruwan gishiri ta cikinta da ƙarfi ruwan daɗi ya fito, kullum in na auna yawan ruwan da yake ratsawa sai in samu na safe daban na yamma daban, na canza famfo, na canza mahaɗan bututu, na zargi fatar kanta, ashe zafin ruwan da ke tankin ne yake hawa da rana, kuma a irin wannan tacewar duk digiri ɗaya na zafi yana ƙara yawan ruwan da kusan kashi 3 cikin ɗari. Na rubuta yadda na gano, yadda na saka abin daidaita zafi, yadda na sake duk awon daga farko. Daga nan na ɗora tambayar da nake son bi, cewa tace lita 1,000 na ruwan teku yana cin kilowat-awa 3 zuwa 4 na wuta a manyan tashoshi alhali mafi ƙarancin da lissafi ya yarda da shi kusan 1 ne, kuma Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita maimakon 35, ga ɗumi da yake sa ƙananan halittu su yi saurin toshe fatar. A duk intabiyun da na yi, a kan labarin tankin nan aka fi tsayawa. Ba wanda ya tambaye ni kyaututtukan da na jera.

Anan ne na ce wa yaron Gwaggo sati biyunsa bai tafi a banza ba. Su NSF abu biyu suke auna kowane rubutu da shi, nauyin ilimin da ke cikin tambayar, da kuma amfanin da aikin zai yi wa jama'a. Duk wanda ya horar da kansa amsa waɗannan biyun a shafi biyu, ya riga ya yi rabin aikin kowane fom a duniya. Kuma a cikin rubutun nasa akwai zinariya da ya binne a shafi na uku, furojet ɗinsa na ƙarshe a kan yadda ƙura da zafi suke rage ƙarfin faifan sola, ya hau rufin gida wata biyu yana auna wanda aka goge da wanda ba a goge ba. Na ce wannan shi ne layinka na farko. Farfesan da yake zaune a ƙasar da ake ruwan sama duk sati ba shi da wannan ƙurar, kai kana da ita a saman ɗakinka.

Wasiƙun shaida guda uku ake nema kusan ko'ina, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ni an taɓa rufe min fom ɗaya saboda wani malamina da ya yi min alƙawari bai tura tasa ba, na kira, na tura saƙo, na aika a same shi a ofis, shiru, har wa'adi ya wuce. Tun daga nan nake tambayar mutum huɗu, wata biyu kafin lokaci, in haɗa musu takardar tarihin karatuna da bayanin da na rubuta da jerin ranakun rufewa, in tuna musu saura sati biyu, in sake tunawa saura kwana uku. Kuma ka zaɓi wanda ya san aikinka, ba wanda ya fi girman muƙami ba. Ƙaramin lakcara da zai rubuta cewa yaron nan shi ya gyara mana na'ura kaza da ta shekara a lalace, ya fi shugaban tsangaya da zai rubuta cewa ɗalibi ne mai ladabi.

Sai maganar suna, wadda ta fi addabar 'yan nan. A fasfo an rubuta sunanka iri ɗaya da boko, a iƙama an rubuta shi da Larabci har da sunan kaka, a shahadar jami'a, wato takardar kammalawa, an mayar da shi boko da wani salon daban, wani an ƙara masa Hausawi a ƙarshe wani babu, ranar haihuwa kuma nan Hijiriyya can Miladiyya har a samu saɓanin kwana ɗaya wurin juyawa. Kwamfutar makaranta ba ta san kai ɗaya ne ba. Ka ɗauki fasfo a matsayin uwa, duk rajistar da za ka yi ta jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, ko ta GRE ta shiga karatun gaba da digiri, ka kwafe shi harafi da harafi, in shahadarka ta saɓa ka je ofishin rajista tun yanzu a gyara ko a ba ka takardar da ta ce mutum ɗaya ne. Maki ma kar ka juya shi da kanka daga kan 5 zuwa kan 4, ka rubuta shi yadda yake a takarda ka faɗi ma'aunin.

Akwai wani abokina Bahaushen Sudan, mutanensu na wajen Sinnar ne, a Khartum ya yi injiniyancin injina. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fito da shi da jaka ɗaya, takardar sakamakonsa ta asali tana can, hoton ta kawai yake da shi a waya. Shekara guda bai nemi ko'ina ba don yana ganin ba za a saurare shi ba. Da muka zauna na nuna masa cewa makarantu da yawa kwafi suke karɓa a matakin nema, sai an ɗauke ka ake neman ta asali, ya rubuta wa ofisoshin karatun gaba da digiri ya faɗi halinsa a layi biyar ba tare da roƙo ba. Wasu ba su amsa ba, wasu suka ce ya turo abin da yake da shi. Matambayi dai ba ya ɓata.

Jarrabawar Turanci kam ba zan daɗe a kanta ba, sakamakon IELTS da TOEFL shekara 2 yake yi, na GRE shekara 5, kuma tun Satumban 2023 an rage GRE ɗin ta koma ƙasa da awa biyu, sassa da yawa ma sun daina neman ta gaba ɗaya, don haka ka duba kafin ka biya. Abin da zan ce wa 'yan nan kawai, lissafinku ba matsala, amma wanda ya tashi da Larabci a makaranta da Hausa a gida yakan sha wuya a ɓangaren rubutu, ku fara shi da wuri.

In Allah ya sa an kira ka, kai ma kana da haƙƙin tambaya, kuma mu tarbiyyarmu takan hana mu, muna ganin rashin kunya ne ka tambayi malami. Ba rashin kunya ba ne, shekara 4 ko 5 na rayuwarka za ka miƙa wa mutum ɗaya, shi zai sa hannu a takardar kammalawarka, sau da yawa zamanka a ƙasar ma a kan kuɗinsa yake. Ka tambaye shi kuɗin na shekara nawa ne tabbatacce, ɗalibansa shekara nawa suke yi, ina suka tafi bayan sun gama. Sannan ka nemi ɗalibansa na yanzu da waɗanda suka bar shi ka yi musu magana a gefe, ka saurari abin da suka faɗa da inda suka yi jinkirin amsawa. Na ga mutanen da suka fi ni ƙwaƙwalwa sun karye a tsakiya ba don karatun ya fi ƙarfinsu ba, don wanda suke ƙarƙashinsa ne. Makaranta matsakaiciya da malami nagari ta fi min babbar makaranta da wanda ba ya ganin ɗalibinsa sai sau biyu a shekara. Mai mata kuma ya tambayi maganar gida da biza da inshorarta tun kafin ya amsa, a Amurka misali matar da ta bi ɗalibi a kan bizarsa yawanci ba a yarda ta yi aiki ba, alawus ɗin mutum ɗaya za ku raba.

Duk wannan hirar da muke yi ashe ƙanwarsa tana bakin ƙofa tana ji, ita tana aji uku a injiniyancin sinadarai. Da na tashi tafiya ta biyo ni har tsakar gida ta ce "Yaya, mata fa?" Na ce duk abin da na lissafa har da ke, kuma akwai naku na daban, gidauniyar Schlumberger tana da tallafin da ake kira Faculty for the Future tun 2004, na mata ne 'yan ƙasashe masu tasowa da suke digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci. Na ce amma ke da kike da sauran shekara biyu kin fi yayanki sa'a, jibi Lahadi in kin shiga makaranta ki sami malamar da take da ɗakin gwaji ki ce kina son ki taya ta aiki ko ba a biya ki ba, ko wankin kwalabe ne ki fara da shi. Gwaggo daga ciki ta ce "ita kuma auren fa?" Na ce Gwaggo a rukuninmu akwai mata biyu masu goyo, kuma ɗaya ta riga ni wallafa takardar bincike. Ba ta ce komai ba, amma ba ta hana ba.

Daren Talata wajen ƙarfe ɗaya yaron ya turo min saƙon da yake son aika wa wani farfesa mai aiki a kan sola a yanayin hamada, layi tara, ya ambaci takardar mutumin ta bara, ya saka alƙaluman da ya auna a rufin gidansu. Abu ɗaya na mayar masa, na ce a layi na huɗu ka ce ƙarfin ya ragu, amma ba ka faɗi ko ka raba tasirin zafi da na ƙura ba, kuma shi ne abin da zai fara tambayarka. Ya ce bai raba ba. Na ce toh ka faɗi haka, ka ce shi kake son koya. Da asuba ya tura, yanzu yana kan karanta takardun mutum na biyu, kuma ya ce ranar Lahadi zai je ofishin rajista a kan harafin da ya saɓa a sunansa.